Darasi Na Bakwai: Hana Ɓera Zama A Gida

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. Bambanta ire-iren ɓerayen da ke shiga gidajenmu, ya kuma gane alamun zamansu.
2. Faɗin abubuwa 3 da ke zaunar da ɓera a gida.
3. Lissafa hatsin da ɓera ke cinyewa a wata da a shekara.
4. Adana abinci da toshe kafofi da ɗana tarko yadda ya kamata.
5. Gane alamun zazzaɓin Lasa da matakin da za a ɗauka.

1. Dalilin yawaitar ɓera da kaka da rani

Ƙasar Kontagora ƙasar noma ce. Daga watan Oktoba zuwa Disamba ake ta shigo da masara da dawa da gero da gyaɗa da wake daga gonaki, a jibge a zaure da shago da rumbu, wani ma har ƙarƙashin gado. A daidai wannan lokaci gona take zama fili. An girbe amfani, ciyawa ta bushe, wasu kuma sun cinna wa daji wuta. Ɓeran da ya yi damina a gona cikin ƙoshi sai ya wayi gari ba ci ba maɓoya, don haka ya bi sawun hatsin zuwa cikin gari.

Shigowa ɗaya ce, zama kuma daban. Ɓera ba ya zama sai inda ya samu abubuwa 3: abinci, da kafar shiga, da maɓoya. Magabata sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan da ake kwana da tukunya a buɗe, ga rami a gindin katanga, ga tarkace a lungu, shi ya kira ɓera da kansa. Wannan darasi gaba ɗaya a kan cire waɗannan abubuwa 3 yake. Kisa da tarko ko guba yana zuwa ne daga baya.

AKWATIN KALMOMI
Rigakafi: matakin da ake ɗauka tun kafin ɓarna ko cuta ta auku.
Kafa: duk wata huda ko tsaga da ɓera zai iya bi ya shiga ɗaki.
Maɓoya: wurin da ɓera ke fakewa da rana, yake kuma haihuwa a ciki.

2. Ire-irensu da alamunsu

Akwai ƙaramin ɓeran gida, wanda wasu ke kira kusu. Yana zama a bayan kwanuka da cikin akwatin kaya, kuma ɗan ruwan da ke cikin abinci ma yakan ishe shi. Akwai babban ɓera mai hawa rufi, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo. Shi ne ake jin gudunsa a silin ko a kan azara cikin dare. Sai ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke kaiwa da komowa tsakanin gona da gida. Macensa takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a ciki ɗaya, kuma shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa. Gafiya kowa ya san ta da girmanta da haƙar rami. Jaɓa mai dogon baki da wari danginta daban, ƙwari da kyankyasai ta fi ci, amma ita ma bai kamata ta taɓa abinci ba.

Da wuya mutum ya iya tantance su a guje cikin duhu. Saboda haka ku ɗauki kowane ɓera a matsayin mai iya ɗauke da cuta.

Alamun zamansu su ne kashi baƙi kamar ƙwayar shinkafa, da buhun da aka huda, da sabulu ko robar da aka gwaguya, da baƙin maiƙo a jikin bango inda suke yawan bi, da zarnin fitsari a ɗakin ajiya. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa yake gwaguyar katako da roba da wayar lantarki. Wayar da aka gwaguye a cikin silin tana iya tayar da gobara, musamman da hunturu. Idan har kuna ganin ɓera da rana tsaka yana yawo, to sun riga sun yi yawa.

Misali na 1: Lissafin asara
Babban ɓera yakan ci kimanin giram 20 na hatsi a rana. Wani magidanci yana da ɓeraye 10 a ɗakin ajiyarsa.
A rana: 10 × 20 = giram 200.
A wata: 200 × 30 = giram 6,000, wato kilo 6.
Daga Disamba zuwa Mayu, wata 6: 6 × 6 = kilo 36.
Wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku na buhu mai kilo 100. Kuma abin da suka cinye kaɗai muka lissafa. Wanda suka ɓata da fitsari da kashi, da wanda ya zube ta hudar buhu, ba ya cikin lissafin.

3. Mataki na farko: hana shi abinci

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma ya fi biya.

Hatsin da za a daɗe ba a taɓa ba, a busar da shi sosai, a zuba a duro na ƙarfe ko na roba mai kauri, a rufe ruf. Jarka mai murfi tana yi wa wake da gero kaɗan. Wanda zai yi amfani da buhu, akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa ga manoman wake a Afirka ta Yamma a shekarar 2007. Ledoji 2 ne a ciki, buhu a waje. Idan an ɗaure kowane ninki da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba, ƙanshin hatsin ma ba ya fita sosai balle ya jawo ɓera. Amma ku sani haƙorin ɓera yana iya huda shi, kuma da ya hudu amfaninsa ya ƙare. Don haka ko wane irin buhu ne, kada a ajiye shi a ƙasa. A ɗora a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango, yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya da tocila.

Rumbun ƙasa a duba gindinsa da duwatsun da yake kai, a liƙe duk wata tsaga kafin a zuba sabon hatsi, a share tsohon da ya rage. Rumbu mai ƙafafun itace a ɗaga shi kimanin mita 1, a sa wa kowace ƙafa hular kwano mai kallon ƙasa. Ɓera ya hau, in ya iso hular ya rasa abin kamawa. Kada a jingina tsani ko kara ko galma a jikin rumbu, domin sun zama gada.

A madafa, abin da ya fi muhimmanci shi ne dare. Sauran tuwo da miya a rufe da murfi mai nauyi. Faifai yana hana ƙuda, amma ɓera ture shi yake yi. A wanke kwanuka kafin a kwanta, wankakku kuma a kife su. A rufe randa da tulu. Yara su wanke hannu bayan cin tuwon dare, domin ɓera yakan bi ƙanshin miya ya gwaguyi yatsun mai barci. Dusa da ƙaiƙayi da abincin kaji su ma abinci ne a wurin ɓera: a ba dabbobi abin da za su cinye kafin magariba, a kwashe saura.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari. Duk wanda ya bi hanyoyin da suka fita daga Kontagora zuwa Tegina ko Yawuri ko Rijau da rani ya san yadda ake shanya rogo da masara da barkono a gefen kwalta, wani lokaci har su kwana a nan. Ɓera yana bi ta kansu cikin dare ya yi fitsari, rana ta busar, babu wanda zai gani. A yi shanya a kan tabarma ko tamfol bisa gado mai ƙafafu, a kwashe da yamma. Abin ya fi tsanani ga abincin da ake ci ba a dafa ba, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Su ne suka fi cancantar mazubi mai murfi.

4. Mataki na biyu: toshe kafa

Ƙaramin ɓera yana bi ta hudar da faɗinta bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, wato kaurin biro. Ga gwaji mai sauƙi: ku zagaya ɗaki da biro a hannu. Duk inda biro ya shige, kafa ce.

Wuraren dubawa su ne ƙarƙashin ƙofa, da rariyar da ruwa ke fita, da inda bututun famfo ko wayar lantarki ta ratsa bango, da tsakanin bango da rufin kwano, da kusurwoyin daɓe. Tsumma da takarda da leda ba sa toshe komai, kayan sheƙa ma kuka ba shi. A cusa soson ƙarfe ko fasassun kwalabe a cikin ramin, sannan a shafe da siminti. A gidan ƙasa a kwaɓa yumɓu da tsakuwa da fasassun kwalabe, a riƙa dubawa bayan kowace damina. Rariya a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Gindin ƙofar katako a buga masa sililin kwano. Masai a yi masa murfi. Reshen mangwaro ko darbejiya da ya taɓa rufi a sare shi.

Misali na 2: Gidan da guba ta kasa
Wata uwargida ta ce wa mijinta: "Maigida, sau uku ke nan kuna kawo maganin ɓera, ga shi jiya ma sun shiga garin tuwo."
Ya ce: "Ai na kwashe matattu sun kai goma."
Ta ce: "Haka ne, amma ku zo ku ga ramin da ke bayan randa."
Mu yi musu lissafi. Cikin ɓera kimanin mako 3 ne, ƙaramin ɓera kuma yana isa haihuwa yana da kimanin mako 6. Mu ƙaddara mata 2 ne suka tsira, kowace tana haihuwar 6.
Haihuwar farko: 2 × 6 = 12.
Haihuwa ta biyu bayan kimanin wata guda: 12 + 12 = 24.
Cikin wata 2 an mayar da goman da aka kashe har da riɓi, ga 'ya'yan farko sun kusa fara tasu haihuwar, ga kuma baƙi na shigowa ta ramin bayan randa. Kuɗin maganin da aka saya sau uku da an sa shi a siminti da raga, da aikin ya daɗe.

5. Mataki na uku: rushe maɓoya

Itacen girki da kara da harawa a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bangon ɗakin kwana. A nome ciyawar bayan gida. Tsofaffin buhuna da tayoyi da kwalaye a fitar da su. Shara a zuba a mazubi mai murfi, a kai juji nesa da gida ko a binne. Kayan ƙarƙashin gado a riƙa jawo su ana sharewa ko da sau ɗaya a mako.

6. Tarko da kyanwa da guba

Bayan an rufe abinci ne tarko yake kamu, domin ɓeran da ya ƙoshi ba ya kula ɗan ƙuli-ƙulin da ke kan tarko. Ɓera jikin bango yake bi, ba ya son ratsa tsakiyar ɗaki. A ɗana tarkon a jikin bango, bakinsa yana kallon bangon, inda aka ga kashi. A ɗaure ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi da zare don kada ya ɗauke ya gudu. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, saboda haka a ajiye tarkon da abinci ba tare da an ɗana ba har kwana 2 ko 3, in ya saba sai a ɗana. Tarko 5 a dare ɗaya ya fi tarko 1 a dare 5. Allon gam kuwa ban ba da shawararsa ba. Ɓeran da ya maƙale yana da rai, yana ta fitsari da kashi don tsoro, kuma yawanci yara ake sa wa su ƙarasa shi da hannu.

Kyanwa tana taimakawa, musamman a kan ƙanana, amma ba ta toshe rami. Mujiya ma, wadda ake jifa saboda camfi, ɓeraye ne mafi yawan abincinta. Manomin da ya bar ta a bishiyar bayan gida ya samu mai gadin da ba ya karɓar lada.

Guba ita ce ta ƙarshe, kuma a gidan da ke da yara masu rarrafe ko kaji da awaki gara a haƙura da ita. Iri 2 ce. Akwai mai kisa nan take, wadda ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba yakan guje ta daga baya. Akwai mai kisa a hankali cikin kwana 3 zuwa 7 ta hanyar hana jini daskarewa. Wadda ake kira shinkafar ɓera ta fi ban tsoro, domin yaro ba ya bambanta ta da abinci. Idan ya zama dole, a sayi mai lambar hukumar NAFDAC a cikin kwalinta na asali, a zuba a cikin gutsuren bututu ko akwatin da ɓera kaɗai zai iya shiga, nesa da madafa da rijiya. Kada a taɓa juye guba a robar lemo ko kwanon abinci. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin hatsi mai fitar da iskar guba kuwa, haramun ne a kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa wa ita, tana kashe mutum cikin barci. In yaro ya haɗiyi guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti tare da kwalin maganin.

AKWATIN KALMOMI
Ƙwayar cuta: halitta ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, wadda ke haddasa rashin lafiya.
Gurɓataccen abinci: abincin da fitsari ko kashi ko yawun ɓera ya taɓa.
Duba-gari: ma'aikacin lafiya mai kula da tsaftar gidaje da unguwanni.

7. Kwashe kashi da mushe

Kada a share kashin ɓera a bushe, domin ƙurar tana tashi a shaƙa. A buɗe ƙofa da taga. A haɗa bilic irin su Jik ko Hypo, kofi 1 a cikin kofi 9 na ruwa, a yayyafa, a jira minti 5, sannan a goge. Mataccen ɓera a yayyafa masa wannan ruwa, a sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi ko a ƙone. Jefa shi bayan katanga ko kan titi zalunci ne ga maƙwabta. A wanke hannu da sabulu. Abincin da aka ga kashin ɓera a ciki a zubar, ko da rai bai so ba.

8. Zazzaɓin Lasa

An fara gano wannan cuta a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Tana kama mutum ta abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin ɓera ya gurɓata, da ta hanyar kamawa da feɗe ɓera. Tana kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da sauran ruwan jiki. Ta fi ɓulla da rani. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi fama da ita, amma Jihar Neja ba ta tsira ba: tsakanin 2015 da farkon 2016 ta yi kisa a Fuka ta Ƙaramar Hukumar Munya.

Alamu suna bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 21. Kimanin mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Sauran kuwa abin yakan fara da zazzaɓi da kasala da ciwon kai da ciwon maƙogwaro, sai amai da gudawa, in ya yi tsanani jini ya riƙa fita ta hanci ko baki. Wasu da suka warke sukan rasa ji. Hatsarinta ga mai tsohon ciki da abin da ke cikinta babba ne ƙwarai.

Farkonta yana kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake makara. Duk zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro bai sauka ba, a daina zagayen kemis, a tafi Babban Asibitin Kontagora ko cibiyar lafiya mafi kusa, a kuma gaya wa likita idan akwai ɓeraye a gida. Magani ya fi aiki idan an fara da wuri. Mai jinya kada ya taɓa amai ko jinin majinyaci da hannu tsirara. Lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232. Iyaye kuma su hana yara farautar ɓera da gafiya da rani.

9. Aikin unguwa

Ɓera bai san iyakar gida ba. Wanda ya gyara nasa alhali jujin unguwa yana jikin katangarsa, zai yi ta karɓar baƙi. A lardin Alberta na ƙasar Kanada, hukuma da manoma sun haɗa kai tun 1950 suna sintiri a kan iyaka, har yau babban ɓeran gari bai samu wurin zama a can ba. Namu ba sai ya kai haka ba. Mai unguwa da liman za su iya sa rana ɗaya kafin a fara shigo da amfanin gona, kowa ya yashe kwatarsa, a kwashe juji, a ɗana tarkuna a dare guda, a gayyaci duba-gari ya zagaya shagunan hatsi da injinan niƙa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ɓeraye suke yawaita a gidajen Kontagora bayan girbi?
2. Kawo abubuwa 3 da ke zaunar da ɓera a gida, da hanyar cire kowanne.
3. Ɓeraye 15 suna cin giram 20 kowanne a rana. Kilo nawa za su ci a wata 4?
4. Yaya ake gwajin biro? Da me ake toshe kafar da aka samu?
5. Don me ake barin tarko kwana 2 ko 3 ba a ɗana ba?
6. Yaro ya haɗiyi maganin ɓera. Me za a yi, me kuma ba za a yi ba?
7. Bayyana yadda ake kwashe kashin ɓera daga ɗakin ajiya.
8. Wace alama ce za ta sa a yi zargin zazzaɓin Lasa?
9. Aikin gida: zagaya gidanka da biro da tocila, ka rubuta yawan kafofin da ka samu da wuraren da suke, ka kawo aji mai zuwa.